Nauyin Kaya da Shan Mai: Lissafin da Ya Shafi Direbobi da 'Yan Kasuwar Oil Mill

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama babban abin da ke yanke ribar duk wanda sana'arsa ta dogara da mota. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar nan. Wannan ya sa tambayar da a da ba a cika damuwa da ita ba ta zama ta yau da kullum a tashoshin mota: shin nawa ne buhu ɗaya na ƙari yake ci a cikin tanki?

Amsar a taƙaice ita ce, nauyi yana ƙara shan mai, amma ƙarin bai kai yadda wasu ke zato ba. Babbar asarar tana zuwa ne ta hanyoyi uku: nauyin da ake yawo da shi ba tare da ya kawo ko sisi ba, lodin da ya wuce ƙarfin mota har ya cinye taya da birki, da kuma tafiyar da mota ke yi wayam. Kasuwar Oil Mill da ke Fatakwal wuri ne da ake ganin dukkan ukun a rana guda.

Kasuwar da hanyoyin da ke ciyar da ita

Kasuwar Oil Mill tana yankin Rumuokwurusi ne, a ƙaramar hukumar Obio/Akpor ta jihar Ribas, a gefen babbar hanyar Fatakwal zuwa Aba, kusa da mahaɗar Eleme. Tana ci ne duk ranar Laraba, kuma 'yan kasuwa daga Aba da Anacha da sauran garuruwa kan cika ta tun da asuba. A ranar kasuwa cunkoso kan toshe wannan sashe na hanyar, motoci su riƙa tafiya taku ɗaya suna tsayawa.

Hausawa mazauna Fatakwal, kamar 'yan uwansu na Anacha da Inugu, sun daɗe suna da hannu a cinikin kayan abinci da dabbobin da ake kawowa daga Arewa: albasa daga Aliero da Sakkwato, tumatir da tattasai daga yankin Kura da Kadawa, wake da hatsi daga Dawanau, dankalin Turawa daga Filato, shanu da awaki daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari. Kayan da ya taso daga Kano yana cin sama da kilomita 1,000 kafin ya iso. Wasu motocin kan bi ta Jos, Lafiya da Makurɗi, su ratsa Obollo-Afor da 9th Mile, su gangara Inugu, sannan Umuahia da Aba. Wasu kuma kan bi ta Kaduna, Abuja da Lokoja. Masu dabbobi da dama kan sauke a kasuwannin Ugwuoba a jihar Inugu da Lokpanta a jihar Abiya.

Saboda haka kaya ɗaya yakan hau motoci iri-iri kafin ya kai hannun mai saye. Tirela ce ke kawo shi daga Arewa, kanta ko a-kori-kura ta kwashe shi zuwa rumfa, sannan tasi, ƙaramar bas ko Keke Napep ta kai shi unguwa. Nauyi yana shafar kowace daga cikin waɗannan motoci ta fuska daban, kuma sanin dalilin yana buƙatar duba inda man da aka zuba yake tafiya.

Inda man mota ke tafiya

Injin fetur ba ya mayar da duk man da ya sha ya zama tafiya. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke kaiwa ga tayoyi. Sauran yana fita ne a matsayin zafi ta salansa da lagireto. Wannan ɗan kason da ya isa tayoyi kuwa, abubuwa huɗu ne ke cinye shi.

Na farko shi ne tayar da mota daga tsaye zuwa gudu. Ƙarfin da ake buƙata a nan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi: idan nauyi ya ninka, ƙarfin ma ya ninka. Kowane tan ɗaya, wato kilo 1,000, yana cin abin da ya kusa cika cokalin cin abinci na fetur kafin a kai shi gudun kilomita 50 a awa. Da zarar direba ya taka birki, duk wannan ƙarfi ya zama zafi ya tafi. Cokali ɗaya ba wani abu ba ne, amma motar da ta tashi ta tsaya sau ɗari ta zubar da fiye da lita guda a kan kowane tan da take ɗauke da shi.

Na biyu shi ne turjiyar taya a kan hanya. Taya tana lotsawa a inda ta taɓa ƙasa, ta sake miƙewa yayin da take juyawa, kuma wannan lotsawa tana cin ƙarfi. Gwargwadon nauyin da ke danne ta, gwargwadon turjiyar. A kan kwalta mai kyau turjiyar ƙaramar mota ba ta wuce kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinta, amma a kan gargada, tsakuwa ko laka tana iya ninkawa sau da yawa. Wannan ne ya sa kaya iri ɗaya ya fi cin mai da damina a hanyar da ta farfashe.

Na uku shi ne hawa. Ɗaga tan ɗaya zuwa tsayin mita 100 yana cin kimanin kashi ɗaya cikin takwas na lita. Fatakwal tana daf da matakin teku, Kano tana sama da shi da kusan mita 500, Jos kuwa ta kai kimanin mita 1,200. Don haka motar da ta ɗauko kaya daga Kudu zuwa Arewa tana biyan kuɗin hawa da wadda ta gangaro ba ta biya gaba ɗaya ba.

Na huɗu shi ne iska. Wannan kaɗai ne ba ruwansa da nauyi. Siffar mota da gudunta ne ke yanke shi. Idan gudu ya ninka, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu. A ƙananan motoci, da an wuce kilomita 80 a awa shan mai yakan fara hawa da sauri saboda iska.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa nauyi ya fi tsada a cikin gari. A cunkoson Laraba tsakanin Oil Mill da mahaɗar Eleme, kusan duk aikin injin shi ne tayar da nauyi da birki zai sake kashewa nan take. A buɗaɗɗiyar hanya kuwa, inda mota ta kama gudu ɗaya ta riƙe, iska ce ke cin kaso mafi girma, nauyi kuma ya koma baya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙarin kilo 45 a cikin mota yana rage nisan da lita ke kaiwa da kimanin kashi 1 cikin ɗari, kuma abin ya fi shafar ƙananan motoci. Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta Kanada ta ba da adadin da ya ɗan fi haka: kashi 1 cikin ɗari a kan kowane kilo 25 ga matsakaiciyar mota. Idan aka auna waɗannan alƙaluma da motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, ƙa'ida mai sauƙin riƙewa tana fitowa: duk lokacin da nauyin mota ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, shan mai yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 6. Ƙaramin adadin ya fi dacewa da doguwar hanya, babban kuma da cikin gari.

Kamfanonin ƙera motoci ma da wannan lissafi suke aiki. Ma'aikatar ta Amurka ta ce rage kashi 10 na nauyin mota tun daga masana'anta yana iya inganta shan mai da kashi 6 zuwa 8, domin mota mara nauyi ba ta buƙatar babban inji. Shi ya sa ake yawan amfani da alminiyam da roba a sababbin motoci a wuraren da a da ƙarfe ne.

Domin a kawo abin kusa, a ɗauki tasi mai shan lita 10 a kowane kilomita 100 a cikin gari. Idan aka ɗora mata buhu huɗu na shinkafa masu kilo 50, wato kilo 200, shan manta zai ƙaru da kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari. Ƙarin ke nan na kusan rabin lita zuwa abin da bai cika lita ɗaya ba a kilomita 100. Idan aka ƙaddara lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, kuɗin ya kama daga naira 400 zuwa 800.

Kaya ɗaya, motoci daban

Abin da ke da muhimmanci shi ne girman kayan idan aka kwatanta da nauyin motar kanta. Waɗannan buhunan huɗu, a cikin Keke Napep da nauyinta bai wuce kilo 400 ba, sun kai rabin nauyinta, kuma direban zai ji su a totur da tanki tun daga tashin farko. A cikin Toyota Corolla mai kimanin kilo 1,200 sun zama kashi ɗaya cikin shida. A cikin Toyota Sienna, wadda ta zama motar haya tsakanin garuruwan Kudu maso Gabas kuma nauyinta ya kusa tan 2, kashi ɗaya cikin goma ne. A bayan tirela mai jimillar tan 40 kuwa, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kacal.

Akwai kuma batun giya. Ƙaramin inji da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa yakan tilasta wa direba ya daɗe a giya ta biyu ko ta uku, injin yana kuka, mota ba ta gaba. A irin wannan yanayi shan mai yana wuce abin da ƙa'idar da ke sama ta nuna, inji ya yi zafi, kuloci ya ƙone da wuri. Ga mai kaya masu yawa, ɗaukar mota ɗaya da ta dace da su ya fi araha a kan cusa su a ƙaramar mota ko yin sawu uku.

Kayan da aka ɗaure a kan rufi

Kayan da ke saman mota suna cin mai ta fuska biyu, ta nauyi da ta iska, kuma ta iskar ta fi tsanani. Alƙaluman Ma'aikatar Makamashi ta Amurka sun nuna cewa babban akwatin kaya a kan rufi yana rage nisan lita da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari a cikin gari, kashi 6 zuwa 17 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 25 idan gudu ya kai kilomita 105 zuwa 120 a awa. Kayan da aka ɗora a bayan mota kuwa, inda jikinta ya kare su daga iska, ba su wuce kashi 1 zuwa 5 ba.

Ma'anar wannan ga masu sayayya a Oil Mill a fili take. Katifa, robobin wanka, kujerun roba da kwanduna ba su da nauyi, amma idan aka tula su a kan rufin bas zuwa Aba ko Owerri, suna iya cin mai fiye da buhunan da ke cikin but. Dilar gwanjo da aka ɗaure a sama, ko but da aka bari a buɗe aka ɗaure da igiya, duk suna ɓata yadda iska ke bin jikin mota. Ƙari a kan haka, nauyi a sama yana sa mota ta yi saurin karkata a kwana ko a lokacin kauce wa rami. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a sa masu nauyi a ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya, a rufe na sama da tamfol a ɗaure tam, a kuma rage gudu. Kariyar da ba a amfani da ita ma gara a kwance ta.

Lissafin da ke jawo lodin wuce kima

Direbobin haya ba jahilan lissafi ba ne. Abin da ke sa su ƙara kaya shi ne sun lura cewa kuɗin da buhu ke kawowa ya fi man da yake ci. A ɗauki Sienna mai shan lita 12 a kilomita 100, a kan hanyar Aba zuwa Fatakwal mai kimanin kilomita 60. Man tafiyar ya ɗan haura lita 7. Idan aka ƙara buhu shida, kilo 300, nauyi ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari, mai kuma ya ƙaru da kusan rabin lita. Kuɗin dakon buhu ɗaya ma ya biya wannan.

Haka abin yake a manyan motoci, har ya fi. A ƙaddara tirela tana shan lita 25 na dizal a kilomita 100 idan babu kaya, lita 40 kuma idan ta ɗauki tan 25. Da cikakken lodi, kowane tan ya ci lita 1.6. Idan rabin lodi ta ɗauka, za ta sha kusan lita 32 da rabi, kowane tan ya ci lita 2.6. Dalili shi ne motar tana jan nauyin kanta ko da kaya ko babu. Don haka mota cikakkiya ta fi mota rabi tattalin mai, idan da tan ake aunawa.

Wannan gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma iyakar a rubuce take a jikin motar. A yawancin motoci akwai ɗan allo ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ke nuna jimillar nauyin da masana'anta ta amince da shi. Ƙaramar mota mai ƙofa huɗu yawanci kilo 400 zuwa 500 take ɗauka, har da mutanen ciki. Manya biyar masu kilo 70 sun riga sun cinye kilo 350. Abin da ya rage wa but bai wuce buhu biyu ko uku ba.

Inda lissafin ke rushewa

Da zarar an tsallake wannan iyaka, kuɗin ya daina fita ta tanki kaɗai. Taya ce ke fara biya. Kowace taya tana da lambar da ke nuna nauyin da za ta iya ɗauka. A tayar da aka rubuta wa 195/65 R15 91H, lamba 91 tana nufin kilo 615. Mai lamba 82 kuwa kilo 475 ne. Tayar da aka danne fiye da ƙarfinta tana lotsawa sosai, ta yi zafi, kuma a kan kwalta mai zafi da gudu tana iya fashewa. Haɗarin ya fi yawa a tayoyin da aka shigo da su bayan an yi amfani da su a waje. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Ƙarancin iska yana ƙara dagula lamarin. Kowane ma'auni ɗaya da iskar tayoyi ta ragu, a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, yana ƙara shan mai da kimanin kashi 0.2 cikin ɗari. Motar da tayoyinta ke da 22 a maimakon 32 tana asarar kashi 2, ban da cin taya. Allon da ke jikin ƙofa yakan nuna iskar da ta dace da mota mai cikakken kaya, wadda sau da yawa ta fi ta mota wayam.

Birki ne na biyu. Duk ƙarfin da nauyi ya tara a gangara, birki ne ke mayar da shi zafi, kuma birkin da ya yi zafi fiye da kima yana daina kamawa. Gangarar Ugwu Onyeama, tsakanin 9th Mile da cikin Inugu, ta yi ƙaurin suna wajen haɗurran manyan motoci, kuma nan ne motocin Arewa da dama ke bi da cikakken lodi bayan doguwar tafiya. Gogaggun direbobi kan sauko irin wannan wuri da ƙaramar giya, su bar inji ya riƙe mota. Kashe inji ko sakin giya a gangara da sunan tattalin mai ganganci ne. A motocin zamani masu kwamfuta, inji kan daina shan mai da kansa idan mota na gangarawa a cikin giya kuma ƙafa ba ta kan totur.

Bayan waɗannan akwai sifirin, shokazoba, kuloci da giyabos, waɗanda lodi ke rage wa kwana. Kuɗin taya biyu da aka canja kafin lokacinsu yana iya share ribar buhunan ƙari na makonni. Irin wannan ne Hausawa ke kira garin neman gira a rasa ido. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sa lodin wuce kima cikin laifukan da take cin tara a kansu.

Hanya ita ma tana biya, kuma jama'a ne ke ɗaukar kuɗin. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta tana hawa da sauri fiye da nauyin da ke kan aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari a kan aksil yana ninka ɓarnar, ninka nauyin kuwa yana kai ta kusan sau 16. Wannan ne ya sa ƙasashen ECOWAS suka amince da dokar bai ɗaya kan nauyin manyan motoci a 2012. Hanyar da lodi ya farfasa tana komawa ta ƙara wa kowace mota shan mai, ta tsawaita tafiyar tumatir da ba ya jure kwana.

Nauyin da ba ya biyan kuɗinsa

Buhun da aka biya dakonsa yana biyan man da ya ci. Nauyin banza kuwa kullum daga aljihun mai mota yake ci. A but ɗin tasi da dama akan tarar da tsohuwar batir, safaya biyu, jarkar ruwa mai lita 25 wadda ita kaɗai kilo 25 ce, tarin ƙarafan gyara da ba a taɓa su ba tun bara, da manyan lasifikoki. Wasu kuma kan ƙara ƙarfen kariya a gaba da baya, ko su ƙara ganyen sifirin don motar ta ɗauki fiye da ƙa'ida.

A ƙaddara irin wannan tarkace ya kai kilo 90. Kashi 2 cikin ɗari ke nan a ƙiyasi mafi sauƙi. Tasin da ke shan lita 20 a rana, kwana 300 a shekara, tana ƙona lita 6,000. Kashi 2 na wannan lita 120 ne, wato naira 120,000 idan lita tana naira 1,000. Safaya ɗaya mai kyau, jak, abin kwance taya, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku ba sa cikin abin da za a sauke, domin doka da hankali duk sun wajabta su.

Wasu direbobi kan ƙi cika tanki wai don rage nauyi. Litar fetur ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na kilo ba, don haka lita 50 kimanin kilo 37 ce, kuma rabinta bai kai ya rage ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Zagayen neman gidan mai da zaman layi sun fi wannan ci. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG suna ɗauke da tukunyar ƙarfe mai nauyi a but. Arahar gas ɗin tana rufe wannan, amma wajibi ne a cire nauyin tukunyar daga abin da motar za ta ɗauka.

Ya kamata kuma a ajiye nauyi a matsayinsa idan aka kwatanta da halin tuƙi. Fizgar mota da taka birki da ƙarfi suna iya ƙara shan mai da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoso, kuma injin ƙaramar mota da aka bari yana aiki a tsaye yana shan lita 1 zuwa 2 a awa. Direban da ke jiran lodi a bakin kasuwa da inji a kunne yana iya ƙona man da ya fi na buhunan da zai ɗauka.

Komawa wayam

Asara mafi girma a safarar Arewa da Kudu ita ce motar da ta sauke kaya ta juya babu komai. A misalin da ya gabata, tirelar da ta koma wayam tafiyar kilomita 1,000 za ta ƙone lita 250 na dizal ba tare da ta ɗauki ko buhu ɗaya ba, kuma a kan kuɗin albasa da waken da ta kawo ake ɗora wannan. Shi ya sa direbobi kan kwana suna jiran lodin komawa: manja, garin rogo, katako, takalma da tufafi daga kasuwar Ariaria ta Aba, kayan gyara da na masarufi daga Anacha, ko kayan da suka sauka a tashoshin jiragen ruwa na Fatakwal da Onne. Aikin 'yan kamasho da shugabannin Hausawa na waɗannan garuruwa wajen haɗa mai kaya da mai mota yana rage mai fiye da kowace dabarar tuƙi. Haka nan ƙananan 'yan kasuwa da ke haɗa kuɗi su ɗauki mota ɗaya su cika ta daidai ƙa'ida.

Kafin tirela ta mamaye wannan safara, jirgin ƙasa ne ke yin ta. Layin dogo daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, kuma gadar Makurɗi da aka buɗe a 1932 ta ba jirgi damar ƙetare kogin Binuwai kai tsaye zuwa Arewa. Ƙafar ƙarfe a kan dogo ba ta lotsawa kamar taya, don haka turjiyarta ƙaramin kaso ce ta abin da taya ke fuskanta, kuma har yau babu hanyar ƙasa da ta kai jirgi arahar jan kaya masu nauyi zuwa nesa.

Yadda mai mota zai auna da kansa

Kowace mota da halinta, kuma tsufan inji da yanayin hanya suna sauya alƙaluma. Hanyar aunawa mai sauƙi ce. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke kan mita. Bayan tafiya a sake cikawa a famfo ɗaya idan da hali. A ninka litar da ta shiga sau 100, a raba da kilomitar da aka yi. Motar da ta sha lita 27 a kilomita 240 tana shan lita 11 da kwata ke nan a kilomita 100. Idan aka maimaita haka sau uku da kaya, sau uku babu kaya, a hanya ɗaya, bambancin zai fito.

Da wannan adadi a hannu, direba zai iya yanka kuɗin dako bisa sani, mai mota ya gane ko man da ake karɓa ya yi daidai da tafiyar, ɗan kasuwa kuma ya san abin da yake biya. Idan shan mai ya tashi ba tare da kaya sun ƙaru ba, alama ce ta a duba iskar taya, birkin da ke kamewa, filogi ko matatar iska kafin Laraba mai zuwa.